Inda Gwani Ke Tsayawa

Abarci ya zagaya ƙirin, igiyar fatar rijiya, a ƙugunsa sau biyu, ya ratsa shi ta tsakanin cinyoyinsa, ya ƙulla, sannan ya ja ƙullin da haƙori don ya tabbata. Shekara ashirin da 'yan kai yana shiga rijiyoyin Dakoro da kewaye yana yashe su, amma har yau bai yarda da ƙullin hannun kowa ba sai nasa.

"Kawu, mutum guda kawai na roƙa," in ji Sa'adu, ɗan ƙanwarsa, yana tsaye a kansa. "Mutum guda ya riƙe igiyar hancin san nan in an zo jawo ka. Mi zai rage ga wani?"

"Ka tambayi mai sa," in ji Abarci, bai ɗago ba.

Mai sa yana zaune a buzu ƙarƙashin rumfar zana, radiyo a gefensa. Elhaji Mijinyawa ke nan, mai fataucin hatsi tsakanin Maraɗi da Katsina, wanda ya gina wannan rijiya a bakin hanyar Birnin Lalle. Zurfinta gaba talatin. A bakinta an kafa gwafa biyu masu kauri, an gitta ice, an sa dunƙulen ice mai juyawa wanda igiya ke bi ta kansa. Doguwar igiyar fata, ƙiri, ita ke ɗauke da wasaki, babban gugan fata, ɗaya bakin nata kuma a ɗamarar sa yake. Sa ya yi gaba, wasaki ya hau. A kowace rijiya ta arewacin nan akwai mai jan dabbar, wanda ke tsai da ita in an yi masa kira daga bakin rijiya. A rijiyar Elhaji ce kaɗai babu. Sansa, wani jan takarkari mai karyayyen ƙaho, shekara bakwai yana tafiya shi kaɗai, ya tsaya daidai lokacin da wasaki ya iso baki, ya jira a juye, ya juyo. Bai taɓa kuskure ba. Shi ya sa ake kiransa Gwani, har mutanen Ƙorahane in sun zo kasuwa sukan ratse su kalle shi.

"Mushe ɗan lakwal," in ji Elhaji, yana murmushi, yana tsokanar Sa'adu da kiran 'yan boko na Faransanci, "zo nan kusa. Wai mi Gwani ya yi maka ne? Ko don bai da takardar satifika?"

Mutanen da suka taru don aikin suka yi dariya.

"Elhaji, ni dabbobi na karanta, kuma su nike yi wa aiki. Sa yana da sabo, ba ya da hankali. Abin da ya yi jiya shi zai yi yau. Wasaki ya fashe a ɗinka wani. Amma yau mutum ne a igiyar."

"To ai shi ya sa ban son hannun mutum ciki. Mutum shi ne mai mantuwa, mutum shi ne mai gyangyaɗi. Ga radiyo nan, na ji da kunnena an ce Turawa sun tura kare sama cikin ƙarfe, wai suna neman ko akwai wasu masu hankali can wajen taurari. Wahalar banza. Da sun zo Dakoro da na nuna musu."

Aka sake dariya. Sa'adu ya dubi taron. Shekara uku ke nan da aka sauke tutar Faransa a bariki aka ɗaga tamu, aka ce mu ne za mu riƙe kanmu. Ga manyan maza goma sha biyu a bakin rijiya, kowa da ido biyu da hannu biyu, amma sun miƙa ran ɗan'uwansu ga dabba don kawai a ci gaba da cewa garinsu yana da abin mamaki. Kuma in ka yi magana kai ne marar kunya.

Sai dai akwai abin da ya hana Sa'adu ɗaga murya yadda yake so, kuma ba girman Elhaji ba ne. Shi ma'aikacin sarwis na dabbobi ne, yana cikin masu yi wa shanu allurar cutar bushiya. Jiya a filin da ke bayan rijiyar nan suka yi aiki. Wani bijimi ya tsinke igiyar kaba, ya nufi inda mata ke tsaye. Kwana uku ke nan yashi ya toshe idon rijiyar, ba a jan ruwa, ƙirin yana naɗe a gindin gwafa. Sa'adu ya zaro wuƙa ya yanki gaba uku daga bakinsa, aka ɗaure bijimin. Ya yi niyyar gaya wa Elhaji da yamma, sai ya ce bari safiya. Da safe ya ga taro, ya ce bari a watse. Guntun yana nan cikin jakarsa a masauki. Abin da ke damunsa shi ne kunya, kada a ce ɗan gwamnati ya taɓa kayan mutane ba izini. Iyakar tunanin da ya yi a kai ke nan.

Abarci ya tuɓe rigarsa ya miƙa wa matarsa Uwale, wadda ta zo da ƙwaryar fura ta zauna nesa kaɗan. Ya yi bisimilla, ya zura ƙafafunsa. Maza shida suka naɗe ƙirin a jikin gwafa suna sakinsa a hankali, har muryarsa ta taso daga ƙasa, siririya kamar daga cikin tulu, cewa ya taka.

Ga yadda ake aikin. Taɓo da yashi da ƙaramar igiya ake fitar da su, da hannu, guga bayan guga. Ƙirin kuwa ba ya barin ƙugun mai yasa. Shi ne ransa. In bangon rijiya ya fara zabtowa, hannun mutane ba ya da saurin da zai fitar da shi. Sai ya yi kira, a bugi gindin Gwani, Gwani ya fizge shi sama.

Almu, abokin aikin Abarci, wani dogo mai ƙarancin magana, shi ya jawo Gwani don ya ɗaura masa bakin ƙirin. Ya ja igiyar, ba ta kai inda sa ya saba tsayawa ba. Sai da ya mayar da shi baya har gindinsa ya kusa taɓa kwamin shayarwa.

"Yau igiyag ga ta yi rowa," in ji Almu.

"Kwana uku ba ta sha ruwa ba," in ji Elhaji daga rumfa. "Fata ce, ta takure. Ɗaura kawai."

Sa'adu ya kau da kai, ya shiga gyara igiyar takalminsa. Ya gode Allah da ba wanda ya duba bakin yankan.

Hantsi ya ɗaga. Guga na hawa da baƙin taɓo mai wari, ana juyewa gefe. Sa'adu ya kasa zama cikin masu hira, ya koma wurin Uwale.

"Inna, ke ma kin yarda da wannan?"

"Da mi?"

"Da cewa sa ya san abin da yake yi."

Uwale ta kori ƙuda daga bakin ƙwarya. "Ni ban san cikin sa ba, Sa'adu. Akuyata ta san muryata, ta san ranar da nike fushi. Kurciya ta san ta yi ɗingishin ƙarya ta janye ka daga ƙwanta. Wannan mi za ka kira shi?"

"Haka aka halicce su. Ba su zauna suka yi shawara ba."

"To. Kai ka yi karatu." Ta dubi bakin rijiyar. "Abin da na sani, duk ranar da ya shiga ramin nan ban iya haɗiye ko ruwa sai ya fito. Shi kuwa gwanin nasu ga shi can yana tuƙa."

Haka ne. Gwani yana tsaye, ido a lumshe, muƙamuƙinsa na juyawa.

Sa'adu ya tashi ya bi hanyar Gwani. Yana so ya ga da idonsa abin da ke tsai da shi, don ya sami abin da zai faɗa wa Elhaji. Hanyar ta zama kwari saboda shekara bakwai na kofato, ta miƙe ɗoɗar ta gangara bayan wani ɗan tudun yashi, inda mutanen bakin rijiya ba sa hango komai sai doron dabbar. A ƙarshenta akwai wata aduwa, a gindinta kuma wani rami mai faɗi kamar faifai babba, inda ƙafafun Gwani suka shekara bakwai suna juyawa.

Ya tsaya cikin ramin ya yi dariyar takaici. Ga dukan ilmin Gwani nan. Inuwa ce da rami. Ranar da aka fara sa shi aiki wani ya tsai da shi a nan, gobe ma haka, jibi ma haka, har ƙafarsa ta haddace. Ba wasaki yake ji ba, ba ya ƙidaya taki. Wuri ya riƙe. Kuma wurin nan ba kowa ya zaɓe shi ba, tsawon igiya ne ya auna shi, daga gwafa zuwa nan, igiya ta ƙare, wasaki ya iso.

Tsawon igiya.

Ya dubi ramin da yake tsaye, ya dubi hanyar. Tun jiya yake ɗauke da gaba ukun nan a ransa, ya juya su ta fuskar kunya, ta fuskar abin da Elhaji zai ce, ta fuskar abin da shugabansa zai rubuta. Sau ɗaya bai juya su ta fuskar mutumin da ke rataye a ɗaya bakin ba. Yau kawunsa zai iso icen juyi Gwani yana da sauran gaba uku, kuma Gwani zai cika su, da ƙarfin da yake jan wasaki mai nauyin mutum biyu.

Ya buɗe baki zai yi kira, sai kira ya riga shi daga can.

"Yashi! Ku ja! Ku ja!"

Ya ji ƙarar tafin hannun Almu a gindin Gwani, ya ga ƙura ta tashi. Gwani ya taho, kai a sunkuye, ƙirin a miƙe bayansa kamar sanda. Sa'adu ya yi ihu su tare shi, amma duk wanda ke wurin ya durƙusa a bakin rijiya yana leƙawa ƙasa, kowa na ihunsa. Idan ya tsai da sa da wuri, kawunsa zai rataye inda yashi ke zuba. Idan ya makara, icen zai fasa masa kai. Ya fita daga ramin, ya ware hannuwansa ya auna a iska, ɗaya, biyu, uku, ya ƙara taki guda, ya ja layi da diddige, ya tsaya a tsakiyar hanya.

Gwani ya gangaro daga tudun. Bai rage tafiya ba. Idonsa ya bi ta kan Sa'adu kamar yadda yake bi ta kan kututture. Sa'adu ya cafki igiyar hancinsa da hannu biyu ya murɗa ta gefe, ya zuba dukan nauyinsa a kai. Sa ya yi gunji, ya ɗaga shi sama ya dire, ya ci taki guda. Kofato ya sauka a kan ƙafar Sa'adu, ya ji wani abu ya yi ƙas a ciki. Bai saki ba. Ya cusa yatsunsa cikin hancin dabbar ya matse. Gwani ya sake turawa, rabin taki, ya sake, sannan ya tsaya yana huci, jini na ɗiga daga hancinsa.

Daga bayan tudu aka yi wata ƙara guda, sannan salati ya ɓarke.

Sa'adu bai saki ba sai da ya ga ƙirin ya yi sako-sako a ƙasa, alamar an ɗauke nauyin da ke kansa. Sannan ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa, ya zauna daɓas a gefen hanya.

Elhaji ne ya fara hawowa tudun, babbar rigarsa a hannu, mutane na biye. Ya tsaya. Ya dubi inda sa yake, ya dubi gindin aduwa, ya auna tazarar da ido.

"La'ilaha illallahu. Jama'a, ku zo ku gani. Bai kai wurinsa ba. Ku duba, bai kai ba!"

Wani ya duba ƙullin ɗamarar ya ce, "Elhaji, an yanki igiyag ga. Ga bakin wuƙa nan sabo."

"An yanka? To ku ji ikon Allah. Wani la'ananne ya rage igiya, mu duka goma sha biyu ba mu sani ba, shi ya sani. Ya ji mutum ya iso, ya tsaya." Sai a lokacin ya ga Sa'adu a ƙasa. "Kai kuma mi ya kai ka hanyarsa? Ga shi ya take ka. Mushe, ka ga abin da gardama ke jawowa? Allah ya so ba ka ruɗa shi ba."

Sa'adu ya buɗe baki. Ya dubi fuskokin da suka kewaye shi, ya dubi bakin ƙirin da ke hannun mutumin nan. Ya ce, "Kawu fa?"

"Da ransa. Hannu ne ice ya kama."

An kwantar da Abarci a rumfar zana, jikinsa duk taɓo, yashi har cikin gashin kansa. Da ya ga icen juyi na zuwa masa ya kai hannun hagu ya kare kansa, igiya ta matse yatsu biyu a jikin ice ta murƙushe su. Tsakanin ƙoƙon kansa da icen, in ji Almu, bai fi tafin hannu ba. Likitan gari ya tafi Maraɗi, don haka Sa'adu, da ƙafarsa a kumbure, shi ya aika aka ɗauko jakarsa, ya wanke raunin, ya zuba shuɗin maganin da yake sa wa shanu, ya ɗaure. Uwale ta riƙe kan mijinta a cinyarta. Sauran mutane sun koma wurin Gwani, ana ba shi dusa da kanwa, ana shafa wuyansa. Kafin azahar labarin ya shiga kasuwa, mutane suka fara zuwa rukuni rukuni.

Muryar Elhaji na isowa har rumfar. "Gobe Almu ya shiga ya ƙarasa, mata sun gaji da zuwa tafki. A'a, ba sai an ƙara igiya ba, ta kai ƙasa ai. Doguwa ko gajera, shi ya san inda zai tsaya. Yau kun gani."

Almu yana tsugune a bakin rumfa yana kankare taɓo daga guga. Hannunsa ya tsaya kaɗan, sannan ya ci gaba.

Abarci ya buɗe ido. "Sa'adu."

"Na'am, Kawu."

"Matso. Hannunka mi ya yanke shi haka?"

Sa'adu ya dubi tafukansa, igiyar hanci ta saɓule fatar.

"Ba sai ka hwaɗi ba. Na san tsayuwar Gwani, sau nawa yana fid da ni. Shi a hankali yake tsayawa, kamar mai sauke kaya, don ya ga inuwarsa. Ta yau ba tasa ba ce. Igiya ta fizga sau uku, ina ji a ƙuguna. Na ce a raina, wannan kokawa ce, akwai wanda ke jin tsoro a can bakin." Ya numfasa. "In kana ƙasan rijiya, ɗana, sama ba ta fi bakin ƙwarya ba. Ka daɗe kana kallonta sai tunani ya zo maka. Duk abin da ke numfashi a dajin nan, raƙumi, dila, gauraka, tururuwa da ke tara hatsi kamar Elhaji, kowa da wayonsa, wani ma ya fi mu. Amma ban ga wanda zai tsaya a can nesa, bai ganinka, ya ce a ransa akwai wani a ƙarshen igiyag ga, kuma yana iya mutuwa ba. Ga Gwani, ni da wasakin taɓo nauyi guda ne. Na daɗe da sani."

"Ka sani, Kawu? To don mi kake shiga?"

"Don ban taɓa samun wanda zai tsaya ba. Kowa ya ce akwai Gwani. Abin nan da kake kira hankali ko cikin mutane ba kullum ake samunsa ba. Ni a shekara ashirin sau nawa na gan shi? Yau dai na gani."

Sa'adu ya ji maganar ta fi masa kofaton ciwo. Ya jawo jakarsa, ya zura hannu ƙarƙashin kwalaben magani, ya fito da guntun ƙirin a naɗe, ya ajiye a kan tabarma.

"Ni na yanka, Kawu. Jiya. Na yi shiru don kunya. Ina nan tsaye ina koya wa mutane mene ne hankali, abin yana cikin jakata."

Uwale ta dubi igiyar, ta dubi hannun mijinta da ke naɗe, ta ɗauke kai. Abarci ya daɗe yana kallon rufin zana.

"Yatsu biyu," ya ce daga baya. "To. Da su nike ƙulli." Ya juyo da kansa wurin Sa'adu. "Ni tawa ta wuce. Almu ne gobe."

Sa'adu ya dafa gwafar rumfa ya miƙe. Ya rataya guntun a kafaɗa. Sai ya tsaya, ya juyo wurin Uwale, ya kasa haɗa ido da ita.

"Inna, ki ara mini tulunki."

Tulun yana gefe, wanda ta zo da shi da fatan rijiya za ta buɗe yau. Ta tura masa shi da ƙafa.

Ya ratsa taron yana ɗingishi, ya tsaya gaban Elhaji, ya sauke guntun ƙirin a ƙasa. Ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da ya yi yau, da murya wadda kowa zai ji. Surutu ya tashi. Wani ya ce a kai shi bariki. Wani ya ce ɗan lakwal ne, ba ya son a yabi kowa sai shi, har da dabba yake kishi.

"Yankan na yarda kai ne, tunda ga shaida," in ji Elhaji, fuskarsa a murtuke. "Wannan za mu yi maganarsa da manyanka. Amma tsayuwa, kada ka ƙwace wa bawan Allah abin da ya yi. Wa ya gan ka?"

"Ba kowa. Shi ya sa na zo da tulu. A ɗaura shi inda aka ɗaura kawuna, a saki Gwani, kada kowa ya taɓa shi. In ya tsaya, ni maƙaryaci ne, a kai ni duk inda aka ga dama."

Elhaji ya dubi jama'a. Mutanen kasuwa sun fi hamsin, ba hanyar ƙi. Ya ɗaga hannu. "Ku ɗaura. Yau za ka ƙoshi da kunya."

Almu ne ya ɗaura, da hannunsa. Ya cika tulun da yashi don ya yi nauyi, ya saƙa masa igiya a wuya da gindi, aka zura shi har ƙasa. Aka mai da Gwani bakin kwami. Wannan karon rabin mutane suka hau tudu don su ga sa, rabi suka tsaya a rijiya. Almu ya bugi gindinsa.

Gwani ya tafi yadda yake tafiya kullum, ba gaggawa, ba nawa. Ya hau tudu, ya gangara. Ya iso layin da Sa'adu ya ja da diddige, inda jinin hancinsa ya bushe a yashi, ya taka shi ya wuce. Tulun ya fito daga bakin rijiya ya daki icen juyi, ya tarwatse, yashi ya watsu a fuskokin na kusa. Wuyan tulun ya maƙale, gwafa ta yi ƙara ta karkata, igiyar wuyan ta tsinke. Gwani ya ƙarasa gaba ukunsa, ya shiga inuwar aduwa, ya tsaya cikin raminsa, ya jira kamar yadda yake jira a juye wasaki. Da ya ga lokaci ya yi, ya juyo.

Ana jin tsingaron tulun na faɗawa cikin rijiya ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya daɗe kafin ƙararsa ta taso.

Elhaji ya gyara rigarsa, ya yi gyaran murya.

"To ai tulu ne," ya ce. "Tulu ba mutum ba ne. Kuna tsammani bai san bambanci ba?"

Wasu suka gyaɗa kai. Wani tsoho ya ce lallai haka ne, dabba tana jin numfashin ɗan Adam ta igiya. Maganar ta bi taron, fuskoki suka fara sakewa, wani har ya yi dariya. Aka koma shafa wuyan Gwani.

Sa'adu ya zauna a bakin kwami, ƙafarsa na bugawa. Ya gaji har ba ya jin fushi. Uwale ta zo ta tsinci wuyan tulunta daga ƙasa, ta juya shi a hannu, ta tafi da shi rumfa.

Inuwa ta faɗo a kansa. Almu ne, da guntun ƙirin a hannu. Ya tsuguna, ya jawo bakin doguwar igiyar, ya fara saƙa guntun a jikinta, yana ja da haƙori. Bai dubi Sa'adu ba sai da ya gama ƙullin farko.

"Ƙafar nan za ta taka gobe?"

"Ban sani ba."

"A ɗauko ka a jaki," in ji Almu. "In ba ka riƙe da hancinsa, ni ban shiga."